Majigin Baffa

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa, mutanen da suka cika ƙofar gidanmu na Panshekara ba su ne na yi tsammani ba. Na ɗauka dangi ne za su zo daga ƙauye, su yi kwana uku su koma. Sai ga tsofaffin ma'aikatan masaƙar Challawa, wasu da sanda, wasu an riƙo su, kusan dukkansu da irin tarin da ya yi fama da shi. Ga kuma matasan kamfanin roba na Sharada, inda ya ƙare aikinsa, da kayan aiki a jikinsu don daga can suka wuto. Mu mata muna cikin gida, amma katangar gidan nan ba ta taɓa riƙe magana ba, duk abin da ake faɗa a kan tabarmi muna ji.

Ba wanda ya ambaci sunansa na yanka. Mai Majigi kawai ake cewa. Wani tsoho ya ce sun yi aiki tare tun suna samari, bai taɓa jin Baffa ya ce inji ya mutu ba, ko da kuwa hayaƙi yake fitarwa. Abin da zai ce kawai shi ne saura kaɗan. Aka yi dariya, shi ma tsohon ya yi, sai dariyar ta juye masa ta koma kuka. Wani mutumin Nijar ya ce kekensa da rediyonsa da ƙafar katakon maƙwabcinsa duk sun bi ta hannun Baffa, kuma ko ruwan sanyi bai taɓa yarda an saya masa ba. Can sai wani ya ce, a hankali, Allah Ya sa ya samu abin da ya yi ta nema. Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san abin da ake nufi.

Umma, mahaifiyata, tana zaune a gindin bango kusa da randa. Rabonta da ta taka gidan nan shekara bakwai. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma karɓi ko ruwa ba, ta dai juya fuskarta wajen ɗakin Abba, mahaifina, wanda yake a kulle. Da mutane suka ragu bayan la'asar ta kamo hannuna.

"Akwatin nan yana nan?"

Na ce yana nan.

"Ina so in gani," in ji ta. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na dama. "Kafin wannan ma ya rufe."

Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata na hagu, na daman kuma likita ya gaya mana ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai dai a yi ta ɗiga magani ana jan lokaci. Na amsa mata da to, amma na san akwatin bai gyaru ba, mai gyaransa kuma an baro shi a maƙabarta da safe.

Baffa yayan Abba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara barin ƙauyenmu na ƙasar Jigawa ya samu aikin gyaran inji a masaƙa, sannan ya koma ya ɗauko ƙaninsa ya sama masa gurbi a sashen rini. Tare suka sayi fili, tare suka buga bulo, suka raba gidan biyu ba tare da katanga ba. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina rarrafe Uwata yake kirana, ko da na yi laifi. In zai yi mini faɗa sai ya fara da cewa, Uwata, ki yi haƙuri, sannan ya wanke ni tas.

Mutum ne da ba ya iya wuce ƙarfe a kan hanya. Inna, matarsa, ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa wanke rigarsa ba tare da ƙusa ko noti ya soke ta ba. Ƙarar injinan saƙa ta taɓa masa kunne, shi ya sa komai da ƙarfi yake faɗa, har asiri. In ya ja mutum gefe ya ce zai gaya masa magana tsakaninsu, to mai kanti na bakin layi ma ya ji. Yana da zuciya, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Ka zage shi ya yi dariya, amma ka ce abin da ya haɗa bai yi ba, ranar sai an shiga tsakani.

Abba ya rasu ina 'yar shekara goma sha shida. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Hotunansa da muke da su ba su fi uku ba, kuma a dukkansu ya ɗaure fuska kamar an kai shi gaban alƙali. Amma a wayar Baffa akwai wani ɗan hoton bidiyo da bai kai minti ɗaya ba: Abba a kan bencin mai shayi a bakin ƙofar masaƙa, hannayensa shuɗi da rini, an miƙo masa kofi, ya karɓa, ya yi dariya. Shi ke nan. Baffa ya so ya nuna wa Umma tun tana takaba, ta ce ba za ta iya ba tukuna. Daga baya kuma shi ne ya ce a dakata, ba zai nuna mata mijinta a abin da bai fi tafin hannu ba.

A nan majigi ya samo asali. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin ana sa waya a kwali, a sa gilashi a gaba, hoto ya fito a bango. Baffa ya bi 'yan gwangwan na Bompai har ya samo wani gilashi mai kauri, kamar murfin ƙaramar tukunya, daga wata na'urar ofis da aka zubar. Ya fara da kwalin sabulu, ya shafe cikinsa da baƙin fenti. Daga baya ya koma katako, ya ɗora mazaunin wayar a kan ƙarfen durowa don ya riƙa matsawa gaba da baya har hoto ya zauna. Na ce masa, Baffa, ba gara ka sayi talabijin ba? Ya ce talabijin kowa shiga yake, har masu tallar magani, amma bangon ɗakin nan na ƙaninsa ne.

Da yake aikin dare yake yi, majiginmu na rana ne. Bayan la'asar za a toshe tagar ɗakin Abba da buhu, a rataye bargo biyu a ƙofa, a cusa tsumma a ƙasanta, domin hasken waya ba shi da ƙarfi, ko ɗan tsinken rana ya shigo sai ya cinye hoton. Mu cika ɗakin muna zufa kamar an dafa mu. Ranar farko mutanen fim suka fito kai a ƙasa, yara suka kwanta suna kallo ta tsakanin ƙafafunsu. Baffa ya juya wayar, mutane suka miƙe tsaye, muka yi ta tafi. Wata biyu muna kallon finafinan Indiya da ƙwallo ba murya, ba wanda ya lura cewa dama ta koma hagu. Wa ya damu da hannun da ɗan Indiya ya ɗaga?

Da ya ga abu ya zauna, sai ya sa rana. Ya aika aka gaya wa matan maƙwabta waɗanda suka san Abba, ya sayo lemo, ya sa Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Umma ta yi wanka ta sa zanen da Abba ya fi so, na gan ta, ta shigo ta zauna a gaba. Aka saki bargo.

Abba ya fito a bango, dishi-dishi, girmansa ya kusa na mutum. Na ji Umma ta ja numfashi. Aka miƙo kofi, sai ya miƙa hannu ya karɓa.

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi, da hagu ya karɓa."

Wata kuma daga baya, Allah Ya yafe mata, don na tabbata bakinta ne ya riga tunaninta, ta ce, "Allah Ka ba mu namu da dama."

Kowa ya san ranar da ake yi wa wannan addu'ar, da abin da ake miƙa wa bawa a ranar. Mamaci ne a bango, a cikin duhu, yana karɓa da hagu yana dariya. Umma ta miƙe ta fizge bargon ƙofa, rana ta shigo, Abba ya ɓace. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Baffa ba, amma ranar ta kalle shi.

"Yaya, mijina ko allura bai taɓa karɓa da hagu ba. Kun tara mini mutane kun nuna shi a haka."

Da Baffa ya yi shiru, ko ya ce ta yi haƙuri, da ƙila abin ya tsaya nan. Amma an taɓa aikinsa. Ya hau bayani da muryar nan tasa, cewa gilashi ne yake juya abu, cewa a waya da dama ya karɓa, har ya ce mata ita me ta sani game da gilashi. Ya ciro wayar yana bin matan da ita su duba, ba wadda ta tsaya. Kafin magariba labari ya gama unguwa, kuma kamar yadda aka saba, ba wanda ya ɗauki maganar gilashi ya tafi da ita. Abin da ya zaga shi ne an ga marigayi a ɗaki mai duhu yana karɓa da hagu. A wurin suna, a wurin markaɗe, sai Umma ta iso a yi shiru. Ba ta cika wata biyu ba ta tattara mu muka koma gidan wanta a Dorayi.

Baffa bai sake nuna wa kowa fim ba. Yara suka yi ta sallama har suka gaji. Ya kulle ɗakin, shi kaɗai yake shiga, ya ce sai ya mayar wa ƙaninsa hannunsa sannan zai buɗe.

Duk Juma'a bayan masallaci sai ya tuƙo kekensa har Dorayi. Ba ya shiga, a zaure yake tsayawa. Ya tambaye ni karatu, daga baya aiki, ya miƙo ledar lemo ko rake, sannan ya ce in ɗauko duk abin da ya lalace. Fankar Umma, fitilarta, marikin tukunyarta, duk a zauren nan aka gyara su. In ya gama sai ya ce in gaishe da ƙanwarsa, haka yake kiran Umma. In shiga in faɗa, Umma ta ce tana amsawa. Shekara bakwai gaisuwarsu a bakina take tafiya tana dawowa, kuma ba na jin na taɓa ƙara mata ko kalma ɗaya da za ta sassauta wani. Ina ganin rigimar manya ce.

Ya gano cewa in aka sa madubi a karkace a cikin akwatin, hoton zai sake juyawa ya dawo daidai. Ya yanko madubin Inna ya gwada. Hannu ya dawo dama, amma sai Abba ya fito da fuska biyu, ɗaya a bayan ɗaya kamar wani yana leƙowa ta kafaɗarsa. Inna ta ce ranar ya fito daga ɗakin yana salati, bai ci abinci ba. Madubin gida, in ji shi, azurfarsa a bayan gilashi take, shi ya sa yake ba da inuwa. Akwai wani iri mai azurfa a fuska, a cikin na'urorin ofis ake samunsa. Ya yi shekara biyu yana zarya wurin 'yan gwangwan kafin ya samu ɗaya mai faɗin da yake so. Ya kawo shi a naɗe cikin hularsa, ya ajiye a kan taga, ya kwanta barcin rana don da dare zai fita aiki.

Inna ta ga madubi duk ƙura da yatsu. Ta ce bari ta faranta masa. Ta ɗebo toka da soso ta dirje shi kamar yadda take dirje kwanon sha, ta ɗauraye, ta ɗaga, sai ta ga tafin hannunta ta cikinsa. Azurfar ta bi ruwa. Ita da bakinta ta ba ni labarin, ta ce ta tsaya tana jiran ihun da za a ji a bakin titi. Baffa ya karɓi gilashin ya juya shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata lallai ya fita tas, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce da ya daka mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

Yanzu na zo kan nawa laifin. Ina aiki a wani shagon buga takardu da ɗaukar hotonsu a Bompai. Da tari ya fara kayar da Baffa, keke ya gagare shi, sai ya roƙe ni in duba masa irin madubin a wurinmu. Na ce to. Ya sake tuna mini da ƙaramar salla, na ce ina sane. Akwai matacciyar na'ura a ƙarƙashin teburina, a kanta nake ɗora ƙafa in na gaji. Abin da ya rage kawai in yi wa mai gyaranmu magana. Amma a raina na gaji da zancen akwatin nan, har ina ba abokan aikina labarinsa muna dariya. Kiransa na ƙarshe, tari yana yanke masa magana, ya ce, "Uwata, madubin fa?" Na ce in sha Allahu makon nan. Ranar Talata ke nan. Asabar da asuba Inna ta kira.

Bayan addu'ar bakwai na koma aiki, na tare mai gyara na ce ya buɗe mini na'urar. Ya buɗe, ya ciro madubin, siriri ne kamar ruwan wuƙa, ba zai yi komai ba. Ya tambaye ni me zan yi da shi, na kwashe labari na gaya masa. Ya dube ni, ya ce ina bidiyon? Na riga na turo shi daga wayar Baffa zuwa tawa. Ya karɓa, ya danna nan ya danna can, ya miƙo mini. Ya ce ya juya hoton a cikin wayar, yanzu hagu ya koma, in gilashi ya sake juya shi zai dawo dama, ba a buƙatar wani madubi. Ko minti biyu bai yi ba.

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ji haushin Baffa da bai taɓa tambayar kowa ba sai masu sayar da tsohon ƙarfe, don shi a wurinsa abin da ya lalace da hannu ake gyara shi. Na ji haushin Umma. Amma wadda take zaune tsakiyar kwamfutoci tun safe har yamma, wadda aka roƙa sau uku, ni ce.

Na ce wa Umma zan aro babbar kwamfuta ko in kai ta gidan da ke da faffaɗar talabijin, ta fi haske, idonta zai fi kamawa. Ta ce ba ta tambaye ni talabijin ba. A cikin abin da Yaya ya haɗa take son gani, a ɗakin da ta bar shi tsaye.

Muka je ranar Lahadi bayan azahar. Inna, tana cikin takaba, ta kwance mukulli daga bakin zaninta ta ba ni. Ɗakin yana warin fenti da ƙura. Akwatin yana kan kujerarsa yana fuskantar bango, bangon kuma an sha shafa masa farar ƙasa har ya yi santsi, shi kaɗai a duk gidan. Buhun taga yana nan. Inna ta rataye barguna da kanta, ta zauna a bakin ƙofa ta danne ƙasansu da ƙafa. Mu uku ne kawai.

Na sa wayata a mazauninta, kai a ƙasa, na rufe. Na yi ta jan ƙarfen gaba da baya, hazo kawai nake samu. Ina cewa a raina in abin nan ya ƙi, ko ya fito da hagu, ban san da wane baki zan yi wa matar nan bayani ba. Can sai bencin mai shayi ya fito, sannan gwiwoyi, sannan fuskar Abba. Na tsayar da ƙarfen a nan, hoton yana tsaye cak, ban sake shi ba tukuna.

Umma ta ce ba ta ganin komai sai fari-fari. Ta miƙe ta nufi bango tana lalube, inuwarta ta rufe shi gaba ɗaya. Na ce ta matsa gefe. Ta matsa, ta jingina kafaɗa da bango, ta kawo idonta mai gani dab da fuskarsa, ta karkata kai kamar mai zura zare a allura. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce in sake shi.

Na buɗe murfin na danna. Sai ƙarar motoci da hayaniyar bakin masaƙa suka cika ɗakin, har Inna ta zabura. Lasifikar wayar Baffa ta mutu tun kafin Abba ya rasu, duk shekarun nan a bebe muka san hoton, ni kuma a shago ban buɗe murya ba. Aka miƙo kofi. Abba ya ɗaga hannunsa na dama, shuɗi har wuyan hannu, ya karɓa. Na ji Umma ta ce alhamdu lillahi, can ƙasa-ƙasa.

Sai murya ta fito daga cikin akwatin, ta mai riƙe da wayar a ranar, lafiyayya, babu tari a cikinta.

"Kalli nan mana! Ƙanwata zan kai wa, ta ga inda kake cika ciki kafin ka je ka ce tuwonta ya yi maka yawa."

Abba ya tuntsire da dariya, shayi ya zube masa a gwiwa, hoton ya tsaya. Inna ta cusa fuska cikin mayafinta. Ban taɓa sanin abin da ya ba Abba dariya ba sai ranar.

Umma ba ta sake kallon bango ba. Ta juyo a hankali wajen akwatin, inda muryar ta fito, ta durƙusa har ƙasa yadda take yi masa a da in ya shigo gida.

"Na gani, Yaya," in ji ta. "Ku yafe mini, na makara."

Hasken wayar ya ɗauke da kansa. Muka zauna a cikin duhun, ba wadda ta tashi ta ɗaga bargo.